Kundin journald: yadda nake karanta shi da tace shi, da dalilin da ya sa ba na saurin goge shi

Duk kwamfutar da ke aiki da Linux tana rubuta labarin kanta tun daga lokacin da aka kunna ta har zuwa lokacin da aka kashe ta. Idan wata manhaja ta tashi ko ta faɗi, idan aka soka filashi, idan wani ya yi ƙoƙarin shiga da kalmar sirrin da ba daidai ba, ko kuma faifai ya fara gazawa wajen karanta wani sashe nasa, duk ana shigar da su cikin kundi tare da lokacin da abin ya faru. A yawancin nau'o'in Linux na yau, manhajar da ke wannan rubutu ita ce systemd-journald, umarnin da ake karanta kundin da shi kuma shi ne journalctl. Abin da na lura da shi a tsakanin masu kula da sabar ƙananan ofisoshi da makarantu shi ne, da yawa ba sa tunawa da wannan kundi sai ranar da faifai ya cika, kuma a ranar ba abin da suke nema sai umarnin da zai share shi. Ni kuwa a ganina gogewa ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin ayyukan da ake yi da kundin, kuma wanda ya iya tacewa da kyau ba kasafai yake buƙatar goge komai da hannunsa ba.

Kafin zuwan journald, tsarin da aka saba da shi shi ne syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980 domin manhajarsa ta aika wasiƙu mai suna Sendmail. A wancan tsari kowane saƙo layi ne na rubutu a cikin fayil irin su /var/log/syslog ko /var/log/messages, ana kuma bincikensa da grep da tail, umarnonin neman kalma da duba ƙarshen fayil. Lennart Poettering da Kay Sievers, waɗanda suka fito da systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajojin Linux tana kula da su, a 2010, sun gabatar da sabon kundin a ƙarshen 2011, kuma ya jawo muhawara mai zafi, domin fayilolinsa ba rubutu ba ne da mutum zai buɗe ya karanta kai tsaye, sai da manhajar da ta san tsarinsu. Masu suka suna da hujja, ba zan musanta ba. Amma abin da aka samu a madadin haka ya fi abin da aka rasa, domin kowane saƙo yanzu yana ɗauke da bayanai daban-daban a rarrabe: wace manhaja ce ta aiko shi, da lambar aikinta, da mai amfanin da take gudana da sunansa, da kuma a wace kunnawa ce ta na'urar abin ya faru. Red Hat Enterprise Linux 7 ta koma systemd a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka biyo baya a 2015, sannan daga Debian 12, wadda ta fito a 2023, an daina saka rsyslog, manhajar da ke rubuta kundi irin na syslog, kai tsaye, ta yadda mutum zai nemi /var/log/syslog a sabuwar na'ura ya tarar babu shi.

Tambaya ta farko da ya kamata a yi wa kowace na'ura ita ce a ina take ajiye kundinta. Idan akwai foldar /var/log/journal, to kundin yana kan faifai kuma zai tsira bayan an kashe na'ura. Idan babu ita, kundin yana /run/log/journal, wato a cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, kuma duk abin da ke ciki yana ɓacewa da zarar wuta ta ɗauke. Umarnin da ke bayyana wannan cikin sauri shi ne:

journalctl --list-boots

Yana jero dukan kunnawar da kundin ya san da su, ta yanzu tana ɗauke da lamba 0, wadda ta gabace ta -1, haka dai har zuwa mafi tsufa. Idan layi ɗaya kaɗai ya fito alhali an sha kashe na'urar ana kunnawa, to ba ta ajiye tarihi, kuma sai an gyara wannan kafin a yi maganar wani bincike. Ana gyarawa ta hanyar rubuta Storage=persistent a cikin saitin journald, sannan a sake tayar da manhajar. Akwai kuma batun izini: mai amfani na yau da kullum saƙonninsa kaɗai yake gani, sai in an saka shi cikin rukunin systemd-journal ko adm ko wheel, ko kuma ya yi amfani da sudo, umarnin da ke ba mutum ikon shugaban na'ura. Mutane da dama sukan ce kundinsu babu komai a ciki, alhali ba su da iznin ganin abin da ke ciki ne kawai.

Rubuta journalctl shi kaɗai ba tare da ƙari ba yana buɗe kundin daga saƙo mafi tsufa, kuma a na'urar da ta yi watanni tana aiki wannan layuka ne dubbai a kan dubbai waɗanda ba mai iya bin su da ido. Ƙarin -e yana kai mutum ƙarshen kundin, -r yana juya shi ta yadda sabo zai zo a sama, -n 50 yana nuna layuka 50 na ƙarshe, -f kuma yana barin allon a buɗe ana ganin saƙonni suna shigowa a daidai lokacin da ake aiko su. Wannan na ƙarshen na fi amfani da shi idan ina gwada wani abu, sai in buɗe taga biyu, in kunna manhajar a ɗaya in zuba ido a ɗayar.

Ainihin aikin kuwa yana cikin tacewa, kuma ni nakan bi ta hanyar yi wa kundin tambayoyi huɗu a jere: a wace kunnawa, a wane lokaci, daga wace manhaja, kuma mai wane irin tsanani. Ƙarin -b yana taƙaita bincike a kan kunnawar yanzu, -b -1 kuma a kan wadda ta gabata. Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan na'ura ta mutu da kanta da dare aka tarar da ita da safe ta sake tashi, domin abin da ya kashe ta ba ya cikin kunnawar yanzu, yana ƙarshen wadda ta wuce:

journalctl -b -1 -e

Game da lokaci, akwai --since da --until, kuma suna karɓar cikakken kwanan wata da sa'a, kamar "2024-03-05 14:00", ko kalmomi irin su today da yesterday da "1 hour ago". A nan akwai tarko ga mu da muke Najeriya ko Nijar, inda agogonmu yake gaba da agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya. Sabar da aka yi hayarta a kamfanonin waje galibi a kan UTC take, journalctl kuma yana fassara lokacin da aka ba shi ne bisa yankin da aka saita wa na'urar. Saboda haka idan ma'aikaci ya ce shafin ya tsaya da ƙarfe uku na rana, a irin wannan sabar ƙarfe biyu za a duba. Umarnin timedatectl yana nuna yankin da na'ura take kai, ƙarin --utc kuma yana tilasta wa journalctl ya nuna komai a kan UTC, abin da ke taimakawa idan ana gwama kundin na'urori biyu. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu tana da tata matsalar, domin takan tashi da kwanan wata na ƙarya har sai ta samu intanet ta gyara, kuma a irin wannan hali tacewa da -b ta fi tacewa da lokaci aminci.

Tacewa da manhaja ana yin ta da -u, sai sunan hidimar, wato manhajar da systemd ke gudanarwa a bayan fage, ya biyo baya. Misali, `journalctl -u nginx --since today` zai kawo abin da ya shafi nginx, manhajar sabar shafukan intanet, daga tsakar daren jiya zuwa yanzu. Sunaye sukan bambanta tsakanin nau'o'in Linux: hidimar shiga daga nesa sunanta ssh a Debian da Ubuntu, amma sshd a Fedora da Red Hat, kuma idan aka rubuta sunan da babu shi, journalctl ba ya yin ƙorafi, cewa kawai yake yi babu saƙonni. Saƙonnin ƙwayar tsarin, wato kanel, ana samunsu da -k, kuma a nan ne ake ganin kurakuran faifai, da matsalolin katin sadarwa, da lokacin da ƙwaƙwalwa ta cika har tsarin ya kashe wata manhaja da ƙarfi don ya tsira. Shi -k yana tsayawa ne a kan kunnawar yanzu sai in an haɗa shi da -b -1 ko makamancinsa.

Matakan tsanani guda takwas ne, an gaje su daga syslog, daga 0 zuwa 7: emerg, alert, crit, err, warning, notice, info da debug. Ƙaramar lamba ita ce mafi tsanani. Idan aka rubuta -p err, za a samu matakin err da duk waɗanda suka fi shi tsanani, wato daga 0 zuwa 3. Wannan hanya ce mai kyau ta fara bincike, amma ba na yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin manhajar ce da kanta take zaɓa wa saƙonta mataki, kuma masu rubuta manhaja ba su da ra'ayi ɗaya a kan abin da ya cancanci a kira shi kuskure. Akwai manhajojin da ke rubuta komai a matakin info, har da saƙon da ke bayyana dalilin faɗuwarsu, akwai kuma waɗanda ke cika allo da jan rubutu na kuskure a kan abin da ba ya cutar da kowa. Abin da nakan yi shi ne in yi amfani da -p err in gano mintin da matsala ta faru, sannan in cire shi in karanta duk abin da aka rubuta a mintuna biyu ko uku kafin wannan lokaci, domin sanadin yakan riga saƙon kuskuren zuwa, kuma yakan zo cikin muryar da ba ta ɗaga hankali.

Inda journald ya fi tsohon tsari nesa ba kusa ba shi ne tacewa da filayen bayanai. Idan aka ƙara -o verbose, kowane saƙo zai bayyana da dukan filayensa, irin su _PID da _UID da _COMM da _SYSTEMD_UNIT. Filayen da suka fara da ɗan layin ƙasa journald ne da kansa yake cika su, ba manhajar da ta aiko saƙon ba, don haka manhaja ba za ta iya yin ƙaryar cewa ita wata ce ba, abin da yake da sauƙi a tsohon syslog. Ana iya tacewa da kowannensu kai tsaye, kamar `journalctl _COMM=sudo` don ganin duk umarnin da aka gudanar da ikon shugaba, ko `journalctl _UID=1000` don saƙonnin mai amfani ɗaya. Ƙa'idar haɗa su tana buƙatar a riƙe ta da kyau: idan filayen daban-daban ne, sai saƙo ya cika dukan sharuɗɗan kafin ya fito, idan fili ɗaya aka maimaita da ƙima biyu, ko wanne ya dace za a nuna, alamar + kuma a tsakanin sharuɗɗa biyu tana nufin wannan ko wancan. Ƙarin -F yana jero duk ƙimomin da wani fili ya taɓa ɗauka, ta yadda `journalctl -F _SYSTEMD_UNIT` zai nuna sunayen dukan hidimomin da suka taɓa rubuta wani abu, kuma wannan yana warware matsalar rashin sanin ainihin suna. Don neman kalma a cikin saƙon kansa akwai -g, misali:

journalctl -u ssh -g "Failed password" --since yesterday

Duk wanda ya gudanar da wannan a kan sabar da ke buɗe ga intanet kuma take karɓar kalmar sirri zai ga yadda na'urori daga sassan duniya suke ta gwada sunaye da kalmomi dare da rana, kuma na san mutanen da wannan layi ɗaya ya sa suka koma shiga da mabuɗin sirri da ake ajiyewa a fayil suka rufe ƙofar kalmar sirri gaba ɗaya.

Ɗaukewar wuta tana barin tata alamar a cikin kundin, kuma a wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne. Idan na'ura ta mutu ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba, a tashi na gaba journald zai tarar da fayil ɗinsa ba a rufe shi da kyau ba, sai ya canza masa suna ya ƙara masa alamar ~ a ƙarshe, ya buɗe sabo, ya kuma rubuta saƙo yana bayyana haka. Waɗannan fayiloli ba shara ba ne, ana ci gaba da karanta abin da ya tsira a cikinsu. Sai dai a sani cewa journald, bisa saitinsa na asali, yana tilasta rubutawa kan faifai ne bayan kowane minti 5, in ban da saƙonnin crit da alert da emerg waɗanda ake tabbatar da su nan take, saboda haka layukan ƙarshe kafin ɗaukewar wuta suna iya ɓacewa. Kunnawar da ta ƙare kwatsam ba tare da jerin saƙonnin rufe hidimomi ba, ita kanta shaida ce cewa wuta ce ta yanke ko na'urar ta daskare, kuma idan aka ga haka yana maimaituwa a kusan lokaci ɗaya kullum, sai a duba lokacin da ake canzawa zuwa janareta da lafiyar batirin inbata kafin a zargi wata manhaja.

Yanzu sai batun gogewa. Umarnin `journalctl --disk-usage` yana faɗin girman wurin da kundin ya ci. Bisa asali journald ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na faifan da yake kai, kuma ko faifan ya kai ina ba ya wuce gigabait 4, don haka sau da yawa idan faifai ya cika ba shi ne mai laifi ba, kuma goge shi ba zai magance komai ba sai dai ya kawar da shaidar abin da ya cika faifan. Idan dai an tabbatar ana buƙatar ragewa, akwai hanyoyi uku: --vacuum-size=500M yana share tsofaffin fayiloli har girmansu ya sauko ƙasa da megabait 500, --vacuum-time=2weeks yana share waɗanda suka wuce mako biyu, --vacuum-files kuma yana barin adadin fayilolin da aka faɗa. Dukansu suna taɓa fayilolin da aka riga aka rufe ne kawai, ba sa taɓa wanda ake rubutu a ciki yanzu, kuma wannan ne ya sa mutum yakan gudanar da umarnin ya ga girman bai sauka yadda ya zata ba. Sai an fara da --rotate, wanda ke rufe fayilolin yanzu ya buɗe sababbi, sannan sharewar za ta iya kaiwa gare su.

Abin da babu shi kwata-kwata shi ne umarnin goge saƙo ɗaya, ko saƙonnin manhaja ɗaya, a bar sauran. Kundin kamar littafin bashi ne na mai shago wanda aka ɗinke shafukansa: ana iya jefar da littafin da ya cika, amma ba a zare layi ɗaya daga tsakiya ba tare da an gani ba. Ina ganin wannan daidai ne, domin kundin da kowa zai iya gyara masa layi ba shi da amfani a ranar da ake neman sanin wanda ya shiga na'ura da abin da ya yi. Akwai --verify don duba ko fayilolin suna nan lafiya, akwai kuma tsarin hatimi da ake kafawa da --setup-keys, wanda ke sa a gane idan an taɓa abin da aka riga aka rubuta. Duk da haka, wanda ya samu cikakken iko a kan na'ura yana iya share foldar baki ɗaya, kuma maganin wannan ɗaya ne, wato a riƙa tura kwafin saƙonni zuwa wata na'ura dabam, ko ta rsyslog ko ta systemd-journal-upload.

A Windows ma tunanin kusan ɗaya ne. Umarnin wevtutil, wanda ya zo tare da Windows Vista, yana jero kundaye da el, yana karantawa da qe, yana kuma sharewa da cl, kuma shi ma kundi guda yake sharewa gaba ɗaya, ba saƙo ɗaya ba. Bugu da ƙari, sharewar kanta tana barin sawu: idan aka share kundin tsaro, saƙo mai lamba 1102 zai bayyana a cikinsa yana ɗauke da sunan wanda ya yi aikin, idan kuma wani kundin ne, za a ga lamba 104 a kundin System. Ƙarin /bu yana ajiye kwafi kafin sharewa, kuma ban ga dalilin da zai sa mai kula da na'ura ya bar shi ba.

A Linux ana samun kwatankwacin wannan kwafi ta hanyar ɗaukar fayilolin da ke /var/log/journal zuwa wani wuri, daga baya a karanta su da `journalctl -D` tare da sunan foldar, ko da a wata kwamfutar ce, kuma duk hanyoyin tacewar da na ambata suna aiki a kansu. Idan wani yanki kaɗai ake so, sai a tace shi a fitar da shi da -o json ko -o short-iso zuwa fayil. Akwai kuma dalili na gaskiya da zai sa kada a riƙe kundi har abada: yana ɗauke da sunayen masu amfani da adireshin na'urorinsu da lokutan shigarsu, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta goyon bayan riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu. To amma wannan hukunci ne da ya kamata ofis ya yanke sau ɗaya, ya ce wata uku ko wata shida, sannan a rubuta shi a saiti na'ura ta riƙa aiwatarwa da kanta, maimakon a bar shi ga wanda ya firgita da ganin faifai ya cika.

Wurin rubuta shi shi ne /etc/systemd/journald.conf, ko mafi kyau wani ƙaramin fayil a cikin /etc/systemd/journald.conf.d domin kada sabunta tsarin ya yi karo da gyaran. SystemMaxUse yana ƙayyade iyakar girma, SystemKeepFree yana faɗin wurin da dole a bar wa sauran ayyuka, MaxRetentionSec kuma yana ƙayyade tsawon lokacin riƙewa, wanda bisa asali ba a kunna shi ba. A ƙaramar sabar mai faifan gigabait 20 ko 25 nakan saka SystemMaxUse=500M da MaxRetentionSec=3month, a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kuwa, inda yawan rubutu ke gajiyar da katin ajiya, nakan rage fiye da haka. Bayan gyaran sai a gudanar da `systemctl restart systemd-journald`, sannan a duba `journalctl -u systemd-journald -n 10`, inda manhajar take rubuta layi tana faɗin girman kundin a yanzu, da iyakar da take aiki da ita, da wurin da ya rage mata. Idan iyakar da ta faɗa ba ita ce wadda aka rubuta ba, galibi an manta da cire alamar # daga farkon layin ne, ko kuma ba a saka kan sashen [Journal] a saman sabon fayil ɗin ba.